Ƙauyen da Babu Rumbu: Gyara a Kan Hoton Mutanen Papuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a jaridarka in yi gyara a kan wani hoto da kuka buga a shafin baya makonni biyu da suka wuce. Hoton wani dattijo ne, baƙi kamar ni, da gashin tsuntsu a kansa da hauren alade a hanci, babu komai a jikinsa sai zunguru da ya rufe al'aurarsa da shi. A ƙarƙashi kuka rubuta cewa ga mutanen Papuwa, waɗanda har yau wayewa ba ta isa gare su ba. Ranar da jaridar ta iso majalisarmu ta bakin kasuwar Samaru, hannu da hannu aka riƙa yi da ita ana ƙyaƙyatawa. Wani ya ce ai naman mutane suke ci, wani ya ce ko wuta ba su iya hurawa ba. Da yamma jikana ya shigo da jaridar yana dariya, ya ce, "Baba Tsoho, an ce ka taɓa kwana a garin waɗannan. To kai ma zungurun ka ɗaura?"

Na ce masa ja'iri, da hulata da 'yar sharata na je, da su na dawo. Amma kwana kam na kwana, har tara, kuma tun da na dawo ban daina bin labarin wurin ba.

Tsohon malamin gona ne ni. Shekara 30 da ɗoriya na yi ina yawo a kan babur a ƙauyukan ƙasar Zazzau, daga Giwa zuwa Soba, ina koya wa manoma tazarar shuka da zuba taki, su kuma suna koya mini abin da ba a rubuta a littafi ba. Saura 'yan shekaru in ajiye aiki aka sa sunana cikin masu zuwa kwas a Indunusiya a kan noman dankali, dankalin Hausa nake nufi. Da aka gama zaman aji aka rarraba mu gonaki, ni da wasu mutum biyu rabonmu ya faɗa Papuwa, wato yammacin ƙaton tsibirin nan na Niyu Gini da ke arewa da Ostireliya. Gabashin tsibirin ƙasa ce mai cin gashin kanta tun 1975, yammacin kuwa yana hannun Indunusiya. Awa 8 ce tsakaninmu da su: ina alwalar asuba a can, iyalina a Samaru ba su daɗe da idar da lisha ba.

Daga Jayapura da ke bakin teku wani ƙaramin jirgi ya ɗauke mu, ƙasa da awa guda, ya sauke mu a Wamena cikin kwarin Baliem. Kwarin yana sama da teku da kimanin mita 1,600, wato ya ɗara Jos, ya yi kusa da tsaunin Mambila. A lokacin babu hanyar mota da ta haɗa Wamena da ko'ina. Duk abin da idonka ya gani a garin, buhun siminti ne, durom ɗin fetur ne, har motar da kake ciki, ta sama ya shigo. Yanzu an fasa hanya daga Jayapura, ta haura kilomita 500, amma in ruwa ya sauka manyan motoci kan yi kwanaki a cikin laka. Ka ga kuwa tsada dole. Lokacin da shugaban ƙasarsu na wancan lokaci Joko Widodo ya je Yahukimo, wani yanki a duwatsun Papuwa, a 2016 ya ƙaddamar da shirin sayar da fetur farashi ɗaya, lita tana rufiya 6,450 na kuɗin ƙasar a tsibirin Jawa, a wasu garuruwan kan duwatsun nan kuwa daga 50,000 har 100,000.

Ƙauyen da aka kai mu yana kudu da Wamena, bayan Kurima. Mota ta ajiye mu inda hanya ta ƙare, muka ɗauki ƙafa. Ni da nake alfaharin na hau dutsen Kufena ba sau ɗaya ba, ranar na san akwai hawa akwai hawa. Wata mata ta wuce mu da raga uku rataye a goshinta suna lilo a bayanta, ɗaya dankali, ɗaya ganye, ɗaya jariri yana sharar barci, ƙafarta ko takalmi babu, tana tafe tana saƙa wata ragar. Noken ake kiran ragar nan, da zaren ɓawon itace ake yin ta, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun da ake tsoron ɓacewarsu a 2012. Muka tsallaka kogi a kan gadar waya da katako, tana rawa, ruwa na ruri a ƙasa. Babu addu'ar da ban karanta ba.

Mun isa dab da magariba, hazo ya fara rufe duwatsu. Maza suka tarbe mu da doguwar musabaha, ana riƙe da hannu ana cewa "nayak", gaisuwar namiji ga namiji ke nan. A cikin mu uku ni kaɗai ne baƙar fata. Tsofaffi suka kewaye ni suna shafa damtsena, suna ɗaga mini hula su duba gashina. Ta bakin tafinta suka tambaye ni daga wane kwari nake. Da na ce Afirka, sai wani ya ce kwana nawa ne a ƙafa.

Ɗakin da aka sauke mu sunansa honai. In ka ga bukkar Fulani da aka yi wa bangon katako, to ka kusa. Zagayayye ne, gajere, jinka ta sauko kusan ƙasa, ba taga, ƙofa ɗaya da sai da rarrafe ake shiga. Ciki hawa biyu ne: ƙasa murhu a tsakiya inda ake hira, sama an shimfiɗa busasshiyar ciyawa, nan ake kwana. Maza ɗakinsu daban, mata da yara nasu daban, ga dogon ɗakin girki da makwancin aladu, duk a cikin shinge ɗaya. Daren farko ban runtsa ba. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ba shi da mafita sai ta cikin jinka, idona na zubar da ruwa, ga tari ta ko'ina, na tsofaffi a gefena, na yara daga ɗakin mata. Wajen ƙarfe biyu na ce gara sanyi da wannan, na rarrafo waje da bargona. Edita, ban yi minti goma ba na koma da ƙafata. Hunturun Zariya na watan Janairu da muke kuka da shi wasan yara ne. A lokacin na gane wanda ya gina ɗakin nan ba taga ya san abin da yake yi. Hayaƙin da ke ba su ciwon ƙirji shi ke hana sanyi kashe su, shi ke kuma hana jinka ruɓewa a ƙasar da ruwa ke sauka kusan kullum. Gaba kura, baya sayaki.

Da gari ya waye na ga abin da ya kawo ni. Gonaki a jikin dutse, inda ni ko akuya ba zan kora ba, an kewaye su da shingen duwatsu saboda aladu, an gitta itatuwa don kada ruwa ya kwashe ƙasa. A ƙasan kwari kuwa, inda yake da dausayi, sun haƙa lambatu masu zurfi tsakanin kunyoyi, su janye ruwa in ya yi yawa, su tare shi in ya yi ƙaranci, lokaci-lokaci a kwaso taɓon da ya taru da ruɓaɓɓen ganye a shafe kan kunya. Takinsu ke nan. Abin da nake fama da manoma a kai a fadamar Galma, da allo da alli, su gadonsa suka yi kaka da kakanni. Lokacin da wani Ba'amurke, Richard Archbold, ya hango kwarin Baliem daga jirgi a 1938, wannan tsarin gonakin ya gani, da dubban mutanen da duniyar waje ba ta san da su ba. A ɗaya ɓangaren tsibirin, a wani dausayi da ake kira Kuk, masu tonon tarihi sun samu alamun kunyoyin noma na kusan shekara 7,000. Waɗannan ne jaridarka ta ce wayewa ba ta isa gare su ba.

Aka haɗa ni da wata tsohuwa in bi ta gona, don maza ke sare daji su yi shinge su haƙa lambatu, amma dashe da haƙa aikin mata ne. Kayan aikinta ɗan dagi ne na itace. Da ta miƙo hannu na ga yatsu uku na hagu guntaye ne. Na ɗauka kuturta ce. Tafinta ya ce a'a, al'adar da ce, in an yi rashi a gida sai a cire wa 'ya mace gaɓar yatsa don nuna baƙin ciki. An daina, 'yan matan yanzu yatsunsu cikakku ne, kuma gara da aka daina. Amma da guntayen yatsun nan ta durƙusa gaban kunya, ta duba inda ƙasa ta tsage, ta soka dagi, ta lalubo dankali ɗaya babba ta cire, ta bar ƙananan a jikin saiwa, ta mayar da ƙasa ta daddanna. Ta matsa gaba ta yi haka. Kunya ɗaya takan yi watanni tana ci da ita. Tana tafe tana gaya mini sunan kowane iri: wannan na jarirai ne don laushinsa, wannan na baƙi, wannan na aladu, wancan yana jure ruwa. Hipere suke kiran dankali, kuma an ƙirga iri fiye da 70 a wajen ƙabilar Dani, mutanen kwarin Baliem, kaɗai. Ni mai takardar shaida, fari da ja na sani, sai mai ruwan lemo da aka kawo mana daga baya.

A kwana na uku na lura da abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Ina ta zagaya gidan ina jin akwai abin da babu, kamar ka je gidan Bahaushe ka tarar ba zaure. Sai can na gano, ashe babu rumbu. Ko ɗaya. Na tambayi mai gidan inda suke ajiyar abinci, ya nuna mini gonakin jikin dutse. Na ce na gobe nake nufi, na baɗi. Ya sake nuna mini gonar, yana kallona kamar mai tausayin ƙarancin fahimtata.

Mu Hausawa a kan rumbu aka gina rayuwarmu. Damina wata huɗu ko biyar, sauran shekara rani, dole ka tara. Gero da dawa in an adana su a zangarniya sukan yi shekara biyu, uku, kuma maigidan kirki shi ne wanda sabon hatsi ya tarar da tsoho a rumbunsa. Su kuwa ba su da rani irin namu, ana dashe ana haƙa duk shekara, dankali kuma in ya bar ƙasa ba ya jimawa yake ruɓewa ko ya tsira. To me za ka tara? Ƙasar ita ce rumbun. Abin da ya yi saura a ba alade ya mayar da shi nama da kitse. Alade shi ne asusunsu, kamar saniya ga Bafulatani: da shi ake biyan sadaki, da shi ake biyan diyya a kashe rigima, shi ake sayarwa a biya wa yaro kuɗin makaranta a Wamena. Na san mai karatu zai yamutsa fuska. Ni ma na yamutsa, musamman da na ga mace ta rungumi ɗan alade kamar jariri. Amma noma aka aiko ni in duba, kuma a lissafin noma tsarin ba shi da aibu, muddin ƙasa ba ta ci amana ba.

Takan ci kuwa. A wasu shekaru, musamman waɗanda ruwan tekun Fasifik ya ɗumama ya jirkita yanayi, abin da masana ke kira El Nino, ruwa kan ɗauke, gajimare ya washe, da dare sanyi ya sauko har raɓa ta daskare a kan ganye. A ƙauyukan da suka haura mita 2,500, 'yan darare na irin wannan sun isa. Da safe ganye ya yi baƙi kamar an babbake shi, bayan kwanaki na cikin ƙasa ya ruɓe. Ka tuna rumbun ke nan gaba ɗaya, da abincin mutane, da na aladu, da irin shuka, tunda yaɗo ake dasawa. Namu dankalin wata uku zuwa huɗu ya nuna, nasu wata shida zuwa takwas, can ƙololuwa ma ya fi haka. Me za a ci kafin nan? A 1997 fari da daskararriyar raɓa sun kashe ɗaruruwan mutane a duwatsun Papuwa. A ƙarshen 2005 an ba da rahoton mutuwar mutum 55 a Yahukimo. Yankin Kuyawage ya sha ta a 2015, ya sake sha a 2022. A 2023 mutum 6 suka mutu a Agandugume da Lambewi, agaji kuma ya yi jinkiri don jirgi ya kasa sauka saboda hazo da tsoron harbi, mutane da yunwa a cikinsu suka riƙa takawa zuwa garin Sinak su ɗauko. Bayan wannan ne gwamnati ta ce za ta gina ɗakunan ajiyar abinci a can. Da na karanta labarin na ce wa uwargida, "Kin ji, sai yanzu za a yi musu rumbu."

Ta ce, "To Malam, da can me ya hana?"

Abin da ya hana komai isa can shi ya hana: nisa, da rashin wanda nisan ya dama. A ƙauyen da muka sauka akwai firamare, aji uku, da tutar ƙasa a gaba. A kwana taran da na yi ban ga malamin gwamnati ba, an ce ya sauka gari karɓar albashi, wata na biyu ke nan. Wani saurayi mai wa'azin coci ke tara yara da safe yana koya musu baƙaƙe da wasula, ba ko sisi. Wani bincike da aka yi da hannun UNICEF a 2012 ya samu kusan rabin malaman kan duwatsun ba sa bakin aiki ranar da aka je dubawa. Bai ba ni mamaki ba, don na sha isa makarantar ƙauye a nan gida ranar Laraba da hantsi in tarar da awaki a aji. Ɗakin shan magani ma akwai, da kwaɗo a ƙofa. A kwana na shida da asuba na ji hayaniya, ashe wata yarinya ce ta kwana biyu tana naƙuda. Maza huɗu suka saro doguwar sanda, aka ɗaura bargo a jiki aka sa ta ciki, suka saɓa a kafaɗa suka kama hanyar da ni na hau da ƙyar ba kaya, uwarta na biye da gasasshen dankali a raga. Ranar da muke saukowa muka gamu da su suna komowa. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Na tuna wata damina a bayan kogin Galma da aka ɗauko mai naƙuda a kan ƙyauren ɗaki.

Mu da yini ɗaya ne tsakaninmu da mota, masu gata ke nan. Akwai ƙauyukan da duk hulɗarsu da duniya ɗan filin jirgi ne da suka share da hannunsu a gangaren dutse, irin waɗanda mishan suka fara buɗewa bayan shigarsu kwarin Baliem a 1954. Mu nan Zariya ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi na shawagi a kanmu kullum, ba ma ko ɗaga kai. A can ƙarar jirgi na nufin gishiri da man girki da allura.

Kuma ƙasar ba matalauciya ba ce. A cikin waɗannan duwatsun, kusa da dutsen Puncak Jaya mai tsayin mita 4,884, akwai mahaƙar Grasberg, ɗaya daga cikin manyan mahaƙun zinariya da tagulla na duniya. Kamfanin Freeport na Amurka ya sa hannu a yarjejeniyar haƙar ma'adinai a yankin a 1967, shekara biyu kafin a tambayi mutanen wurin ko suna son zama cikin Indunusiya. Tambayar ma da aka zo yi a 1969, bayan fitar Turawan Holan da suka mulki yankin, mutum 1,000 da 'yan kai aka tsamo suka amsa a madadin kowa. Tun daga nan ake rigima. A 2001 an ba yankin ikon gudanarwa na musamman da kuɗi masu yawa, a 2022 an ƙirƙiro sababbin larduna har da na kan duwatsu. Duk da haka, a lissafin gwamnati kanta na 2024, kusan mutum 1 cikin 3 a wannan lardin matalauci ne, alhali a ƙasar baki ɗaya bai kai 1 cikin 10 ba. Ƙirƙiro jiha ai mu ma mun san shi: sabon gwamna, sabuwar sakatariya, sababbin motoci, ƙauye yana nan inda yake.

Masu neman ɓallewa sun ɗauki bindiga, soja sun shiga daji. A Disamba 2018 'yan tawaye suka kashe ma'aikatan gina hanya a yankin Nduga da ke kan duwatsun, farmakin soja da ya biyo baya ya sa dubban mutane suka bar ƙauyukansu. A Fabrairu 2023 suka ƙona wani ƙaramin jirgi a Paro suka yi garkuwa da matuƙinsa, Phillip Mehrtens ɗan ƙasar Niyu Zilan, sai Satumba 2024 suka sake shi. Ba na bayan wanda ya kashe lebura ko ya ƙona jirgin da ke kai magani, ba na kuma bayan wanda ya kori manomi daga gonarsa da sunan tsaro. Abin da na sani, wanda abincinsa ke cikin ƙasa ba ya iya gudu da shi. Manomin Birnin Gwari in 'yan bindiga suka taso shi, in Allah ya sa ba su ƙona rumbun ba, yakan samu ya ɗora buhu biyu a kan babur. Matar Nduga abin da ragarta ta ɗauka shi ke nan.

To, batun zunguru. Koteka ake ce masa, kuma ko lokacin da na je tsofaffi ne kawai ke sa shi. Samari riga da wando ne, wasu da rigar ƙwallon Turai irin wadda jikana ke sawa. Da yawa daga hotunan da ke yawo a waya na bikin da ake yi ne kowane watan Agusta a kwarin Baliem, inda ake kwaikwayon yaƙin da don 'yan yawon buɗe ido. Kamar Bature ne ya ɗauki hoton 'yan lifida ranar hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau, ya je ya ce haka muke zuwa ofis. Cin naman mutane an yi shi a wasu ƙabilu zamanin yaƙe-yaƙe, an bari tun tuni. Mu ma kada mu manta da warki da bante. Dariyar nan kuma tana da ɗaci a can. A Agusta 2019 wasu suka kewaye masaukin ɗaliban Papuwa a birnin Surabaya suna kiransu birai, zanga-zanga ta ɓarke, a Wamena ta rikiɗe ta zama tarzoma a watan Satumba, mutum fiye da 30 suka mutu. Duk baƙar fatar da ya taɓa fita waje ya san wannan kalmar. Ban ji daɗi ba da na ji makamanciyarta daga bakinmu.

Ana gobe za mu tafi suka yi mana walima irin tasu, wadda da harshen Indunusiya ake kira bakar batu, wato ƙona dutse. A tara itace a jibga duwatsu a kai a cinna wuta, a haƙa rami a shimfiɗa ciyawa, a ɗauko duwatsun masu zafi da tsagaggen itace a jera, a zuba dankali da ganye da nama, a ƙara duwatsu, a rufe da ciyawa a ɗaure. Wutar ma, ga wanda ya ce ba su iya hurawa ba, wani dattijo ne ya take busasshen itace da ƙafa ya riƙa jan igiyar daji a ƙarƙashinsa har hayaƙi ya tashi, ga ashana a aljihun ɗansa. Tun da rana nake tunanin yadda zan ƙi cin alade ba tare da na ɓata wa mai gida ba. Ashe sun riga ni. Sun ga ina shimfiɗa darduma kullum, ba wanda ya tambaye ni komai, rami biyu kawai suka haƙa, nawa can gefe da duwatsunsa daban, suka kawo kaza da ranta suka miƙo mini wuƙa in yanka da kaina. Tafinta ya ce sun saba, don a Walesi kusa da Wamena akwai 'yan'uwansu Dani da suka musulunta tun shekarun 1970, da masallacinsu da makarantar Islamiyya, kuma da kaji suke yin nasu in azumi ya zo. Kaza ɗaya a ƙauyen nan ba ƙaramar dukiya ba ce. Aka zauna rukuni-rukuni a ƙasa aka rarraba, ba wanda ya kai hannu baki sai da kowa ya samu, har yara.

Edita, abin da nake roƙo kaɗan ne. In za ku sake buga hoton dattijon nan, ku rubuta a ƙarƙashi cewa manomi ne daga duwatsun Papuwa cikin shigar gargajiya. In kuma da hali, ku tura wakilinku ƙauyukan bayan Giwa da Birnin Gwari ya ƙirgo mana rumbuna nawa suka rage a tsaye bana, da mata nawa aka ɗauko a kan ƙyaure da daminar nan. Zan raka shi in ƙafa ta yarda, na san hanyoyin.

Tsohuwar nan mai guntayen yatsu ta ba ni noken da safen da za mu sauko, da gasasshen dankali huɗu a ciki. Yaɗon da na so in zo da shi ba a bari na wuce da shi ba a filin jirgi, kuma da gaskiyarsu, don haka ake kwaso cutar amfanin gona. Ragar tana nan rataye a ƙusa a ɗakin girki, uwargida na zuba albasa a ciki. Jikan nan mai tsokana na ce ya zo ya karanta mini wasiƙar nan da bakinsa in kun buga, tunda idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Hayin Dogo, Samaru, Zariya.